Ɗan Rawa Ya Ɓace a Gidan Wanki

Ranar Talata da misalin ƙarfe goma na safe bututu ya fashe a gidan wankin Inna. Shi ne bututun da ke sauko da tafasasshen ruwan sabulu daga benen ƙarfe, inda injinan wanki da babban injin matse kaya suke zaune. Ruwan ya zubo a kan wata mai guga da ke tsaye a ƙarƙashin benen tana jera zannuwan gado. Kafin a janye ta, fatar kafaɗarta ta saɓule. Aka sa ta a motar kai kaya aka nufi asibiti, ma'aikata suka bi baya kusan dukansu, wasu ko mayafi ba su tsaya ɗauka ba.

Da suka dawo da yamma, Manaja, ɗan Inna na fari, ya tara su a ƙarƙashin benen. Ya sauke murfin gefen akwatin kwanon da ke manne da ƙarfen benen, ya haska musu ciki da fitilar wayarsa. Wayam. Ɗan rawa ya ɓace.

Ɗan rawa dunƙulen ƙarfe ne mai nauyin kilo arba'in, ɗaure a bakin wani sifirin irin na mota. Idan injin matsa ya ɗauki gudu, shi yake kai da komo a cikin akwatinsa, bene kuwa ya tsaya cik, har ka ajiye kofin shayi a kai bai zube ba. Kafin a saka shi, shekara shida da suka wuce, benen yakan yi karkarwa har haƙoran mutum su haɗu. Bakaniken gidan, wanda kowa ke kira Sifana, shi ya ƙera shi da hannunsa. Kuma shi Manaja ya kora ranar Juma'ar da ta wuce.

Manaja ya ce, "Kun gani da idonku. An sace shi ranar hutu, bene ya yi ta girgiza har bututu ya tsage. Wa ya san yadda ake kwance shi? Wa ya fita daga gidan nan yana huci?"

Ba wanda ya ambaci suna, amma kafin rana ta faɗi mutum ashirin sun taru a ƙofar gidan Sifana. Mijin mai gugar, direban babbar mota, yana gaba da guntun ƙarfe a hannu.

*

Inna ce ta aika aka kira mai bin sawu. Dattijo ne siriri, ya yi shekara talatin yana bin sawun masu harbin namun daji a gandun gwamnati kafin ya ajiye aiki. Ba ya tafiya yana kallon mutane, sai ƙasa, shi ya sa ake ce masa Ido-ƙasa. Ya iso Laraba da safe, ya tarar da mata biyu riƙe da tsintsiya da bokiti a bakin ƙofa, Manaja yana tsaye a kansu.

Ido-ƙasa ya ce, "Ku dakata, 'ya'yana. Kada ruwa ya taɓa daɓen nan."

Manaja ya yi murmushi. "Baba, wurin aiki ne nan, ba daji ba. Gobe otal uku suna jiran kayansu. Kuma 'yan sanda sun ce gobe da safe za su zo su ɗauki mutumin. Magana ta ƙare."

"To bari ta ƙare a gabana. Mahaifiyarka ta ce in duba, zan duba."

Ɗaya daga cikin matan, babba a cikinsu, ta dire bokitinta da ƙarfi har ruwa ya fantsama a ƙafar Manaja. Ita ce shugabar masu ninki, ana kiranta Yaya Kaifi saboda harshenta. Ta ce, "Dama ni ban yi niyyar sharewa ba. Ƙanwata tana kwance rub-da-ciki a asibiti, ni ana ba ni tsintsiya."

Manaja ya share ƙafarsa. Silifa ne a ƙafar, sabo, ga shi kuwa sanye da kwat da wando mai karin guga. Ya ja Ido-ƙasa zuwa ƙofar baya, ya nuna masa ƙasar da ke wajen.

"Ga abin da kake nema. Sawun takalmin but ɗin Sifana, kowa ya san shi, diddigen hagu a cinye. Ga kuma sawun baro ya fita ya bi lungu. A ƙarshen lungun nan akwai mai sayen tsohon ƙarfe. Ko ni da ban yi aikin daji ba na karanta wannan."

Ido-ƙasa ya tsuguna. Ya daɗe yana kallon layin tayar baron, ya sa yatsa a ciki, ya bi shi a tsugune taku goma. Da ya miƙe sai ya tambaya, "Kai kana ina lokacin da abin ya faru?"

"Ina ofis ina waya. Da na ji ihu na fito, na ce maigadi ya kulle wuri, na bi su asibiti a motata."

*

Mai sayen tsohon ƙarfe yana zaune a kan wani tsohon firji yana ware wayoyi. Da ya ga dattijo yana bin layin taya har ƙofar rumfarsa, sai ya ɗaga hannu biyu sama.

"Na sani, na sani. Duk abin da ya ɓace a duniya, wurina ya zo. Jiya wata ta zo neman murfin tukunyarta. Baba, shiga ka duba, in ka ga ɗan rawa ka tafi da ni tare da shi."

"Ka je gidan wanki kwanan nan?"

"Ranar Asabar. Duk Asabar nake zuwa in kwashi gangunan sabulun da suka ƙare. Ga su can, huɗu. Roba ne ma, ba ƙarfe ba."

"Na ga alama. Tayar baronka ba ta shiga ƙasa ba, tsalle take yi a kan tsakuwa. Da kilo arba'in ka ɗauko, da ta yi huda kamar garma."

Mutumin ya sauke hannuwansa a hankali. "Wato ka wanke ni?"

"Baronka ya wanke ka. Ka ga wani a can ranar?"

"Sifana. Ya zo ɗaukar akwatin kayan aikinsa, maigadi ya hana shi shiga, ya miƙo masa ta ƙofar baya. Ya ɗora a kafaɗa ya tafi yana zage-zage. Irin zagin nan mai daɗin ji, Baba, wanda har da lissafin awo a ciki."

*

Sifana bai gudu ba. Ya fito da kujera ya ajiye a bakin ƙofarsa, ya zauna ya harɗe ƙafa yana goge wani tsohon agogo, kamar mutanen da ke tsaitsaye a ƙetaren titi sun zo kallon ƙwallo ne. Gilashin tagarsa ɗaya a fashe yake. Matarsa tana tsaye a bayansa, hannunta a kan kafaɗarsa.

Da Ido-ƙasa ya yi sallama, matar ce ta fara magana. "Baba, ku faɗa masa ya tafi wurin yayansa na kwana biyu. Ni ya ƙi ji na."

Sifana ya ce, "In tafi a ce na gudu? A nan za su same ni. Wanda ya ga hannuna a kan ƙarfen nan ya tako titi ya faɗa a fuskata." Ya ɗaga murya yadda na ƙetare za su ji. "Ni na ƙera shi! Wata biyu ina auna shi! Sai in kwance shi a kan matan da nake cin abinci da su shekara goma sha ɗaya?"

Ido-ƙasa ya jawo benci ya zauna. "Ni ban san inji ba. Yi mini bayanin abin nan kamar kana yi wa jikanka."

Fuskar Sifana ta ɗan saki. Ya ajiye agogon, ya ɗauko wata siririyar sandar ƙarfe, ya maƙala noti babba a bakinta, ya riƙe ɗaya gefen yana kaɗawa.

"Injin matsa yana da gudunsa, juyi ɗari tara a minti. Da wannan gudun yake tura bene sama da ƙasa. Shi kuma ƙarfen, na zaɓi nauyinsa da tsawon sifirinsa yadda zai yi lilo daidai da wannan gudun, amma a saɓanin injin. Inji ya danna ƙasa, shi ya ja sama. Inji ya ja sama, shi ya danna ƙasa. Sai su kashe juna, bene ya huta."

"Idan aka cire shi?"

"Bene ya koma karkarwarsa ta da. Amma Baba, da wannan karkarwar muka yi shekaru, bututu bai taɓa fashewa ba. Abin da nake ta faɗa ke nan, ba mai saurare."

"To me zai fasa bututu a kwana biyu?"

Sifana ya ƙara saurin kaɗa sandar kaɗan. Nan take notin ya shiga tsalle kamar zai fice, hannunsa ma ya kama rawa. "Wannan. Ɗan rawa gudu ɗaya ya sani. Ka ƙara wa injin gudu kaɗan, sai ya daina saɓa masa ya koma taya shi. Maimakon mai girgiza ɗaya, ka samu biyu."

"Ana iya ƙara wa injin gudu?"

"Ka canza fuli, faifan nan da bel yake juyawa a kai. Aikin awa ɗaya ne. A kan haka muka yi da Manaja. Ya ce in ƙara gudu kaya su riƙa bushewa da wuri, na ce ba da hannuna ba. Ya ce shi ya yi digiri. Na ce to ya ɗaura digirin a kan sifirin mu gani. Ya ce in fita."

"Ka faɗa wa Inna?"

"In je in kai ƙarar ɗa wurin uwarsa? Ina da sana'a a hannuna, ba roƙo nake ba."

Da Ido-ƙasa zai wuce, mijin mai gugar ya tare shi a tsakiyar titi. Idanunsa sun yi ja, da gani bai runtsa ba. "Baba, kun gama jin ƙaryarsa?"

"Ka zo gidan wanki ƙarfe huɗu, ɗana. In shi ne, ni zan riƙe maka shi. Amma wannan ƙarfen na hannunka, ka bar shi a gida."

*

Yaya Kaifi tana zaune a kan tarin zannuwa a ƙofar gidan wanki, ta hana kowa shiga.

Ido-ƙasa ya tambaye ta, "Litinin da Talata, me kika ji wanda ba ki saba ji ba?"

"Muryar injin ta canza. Shekara nawa ina ninki a ƙarƙashinsa, na san muryarsa kamar tarin mijina. Tun ranar Litinin na ji ta ƙara tsini. Ga kuma wani bugu, gwaf, gwaf, gwaf, daga cikin akwatin nan, kamar an kulle mutum a ciki. Na hau ofis na faɗa wa Manaja, ya ce in ina son zama injiniya in koma makaranta."

"Daga cikin akwatin kika ce?"

"Ina da kunne, Baba."

"Da ƙanwarki ta ƙone, Manaja ya shigo ya taimaka?"

Ta yi tsaki. "A saman matakala ya tsaya yana cewa a yi sauri. Ƙafarsa ba ta taɓa ruwan ba. Mu muka ɗauke ta, mu masu but ɗin roba. A asibiti ma sai da likita ya gama ɗaure ta sannan ya iso."

Maigadi kuwa da ƙyar ya ɗago kai. Mutum ne mai 'ya'ya bakwai, ɗakinsa ma a cikin harabar yake.

"Ka kulle wurin bayan sun tafi?"

"Na kulle."

"Nan take?"

"An aike ni in sayo katin waya tukuna."

"Mace tana ƙone, aka aike ka katin waya. Ranar Lahadi fa, wa ya shigo?"

"Baba, ni ƙofa nake gadi, ba mutane ba. Don Allah kada ku sa ni a tsakiya."

Ido-ƙasa ya dafa kafaɗarsa, bai ƙara tambaya ba.

*

Ido-ƙasa ya cire takalminsa ya shiga ɗakin wankin shi kaɗai, yana bin gefen bango. Ruwan sabulun jiya ya bushe, ya bar farin ɓawo a kan daɓe kamar an shafa farar ƙasa. Sawu sun yi yawa, amma iri biyu ne. Waɗanda aka taka bayan sabulun ya bushe sun murƙushe ɓawon kawai. Waɗanda aka taka yana da danshi sun zauna da gefensu a tashe, sun daskare a haka. Ya bar na farko, ya bi na biyu.

Akwai but ɗin roba barkatai, na masu ceto. A cikinsu ya ga layi biyu na ƙafafun keken tura kaya. Sun shigo ƙarƙashin akwatin sama-sama, sun fita da zurfi. A kan layukan, wani takalmi mai santsin ƙasa da tsinin baki yana tafe, yatsu a nutse, irin takun mai tura nauyi. Ya bi su har bakin ramin jiƙa kaya da ke ƙarshen ɗakin, wanda ke cike da ruwa mai launin toka. Simintin bakin ramin ya ɓantare a wuri ɗaya, ɓantarar sabuwa.

Ya dawo ya jingina tsani, ya hau ya leƙa cikin akwatin. Samansa a buɗe yake, bututun da ya fashe yana bisa kansa daidai, don haka sabulu ya wanke komai a ciki. Ƙasan kwanon ya lotsa a wuri ɗaya, fentin ya kankare, ƙarfen yana ƙyalli. Ya haska sifirin tun daga tushe yana bi a hankali. Fari, fari, fari. Da ya kai bakinsa sai ya tsaya. Ya daɗe a kan tsanin.

Manaja ya leƙo daga ƙofa. "Baba, kun gaji haka. Ga mota ta kai ku gida, kuma ba za ku tafi hannu rabbana ba."

"Na gode. Ka ce wa mahaifiyarka ƙarfe huɗu. Kai ma kada ka yi nisa."

*

Ƙarfe huɗu ɗakin ya cika. Aka kawo wa Inna kujera, ta zauna da sandarta a tsakanin gwiwoyi. Ita ta fara gidan da baho biyu da dutsen guga na gawayi, yanzu ciwon ƙafa ya sa ta bar wa ɗanta. Ma'aikata sun jeru a jikin bango. Mai sayen ƙarfe ya zo, maigadi ya raɓe a bayan ƙofa, direba, mijin mai gugar, yana tsaye da 'yan uwansa. Sifana ya shigo na ƙarshe, ya ratsa tsakiyarsu bai sunkuyar da kai ba, ya tsaya kusa da tsani.

Ido-ƙasa ya ce, "An ce an sace ɗan rawa ranar hutu. Yaya Kaifi ta ji bugu a cikin akwatin Litinin da Talata, ƙasan akwatin kuma a lotse yake. Akwatin da ba komai a ciki, me zai buga?"

Manaja ya ce, "Sifirin ne. Ko ba nauyi yana motsi."

"Ta yiwu. Ɗana," ya juya ga direba, "kai ne mai babban haƙƙi a nan. Hau tsanin nan ka faɗa mana abin da ka gani a jikin sifirin."

Direba ya hau, ya haska. "Duk sabulu ne, ya bushe fari."

"Har bakinsa?"

Direba ya kai hasken bakin sifirin. "A'a. Bakinsa baƙi ne. Kamar tafin hannu biyu, ba ɗigon sabulu ko ɗaya."

"A nan ƙarfen yake ɗaure. Ruwa ya zubo ya jiƙa ko'ina, bai taɓa wurin ba, saboda akwai abin da ya rufe shi. Lokacin da matarka ta ƙone, ɗan rawa yana nan a wurinsa. Bayan kun tafi asibiti aka kwance shi."

Ɗakin ya kaure da surutu. Inna ta buga sanda a ƙasa sau ɗaya, kowa ya yi tsit. Ta ce, "In yana nan, me ya girgiza benen?"

Ido-ƙasa ya ce, "Wannan sai mai sana'a."

Sifana ya hau benen, ya cire murfin bel. Ko awo bai ɗauko ba. Ya leƙo ta kan ƙarfen. "Inna, wannan ba fulina ba ne. Ya fi nawa faɗi da yatsa biyu, bel ɗin ma sabo. An ƙara masa gudu. Na ce kada a yi, na faɗa a gaban mutum shida."

Inna ta ce, "Wa ya yi?"

Sai maigadi ya fito daga bayan ƙofa, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. "Inna, ku kore ni in za ku kore ni. Ranar Lahadi yallaɓai ya zo da wani bakanike daga waje, sun yi awa ɗaya a sama. Jiya kuma da ya aike ni, na dawo na tarar yana wanke hannu, wandonsa jiƙe. Kwana na yi ina jin ihun yarinyar nan a kunnena. Ba zan iya ba."

Manaja ya ce, "Ƙarya yake! An saye shi!"

Ido-ƙasa ya nuna ƙasa da yatsa. "Wannan ba a saye shi ba. Ga keke ya shigo wofi ya fita da nauyi. Ga takalmin fata mai tsini yana tura shi. Kowa a ɗakin nan but yake sawa, sai mutum ɗaya. Yau kuma ya zo aiki da kwat da silifa. A buɗe ramin can."

Yaya Kaifi ta zare toshiyar da kanta. Ruwan ya yi ta sauka yana gurnani, mutane suka zagaye ramin. Da ya kai rabi, baƙin dunƙulen ya bayyana, notocinsa huɗu a zube kusa da shi.

*

Manaja ya dubi mahaifiyarsa.

"Inna, don gidan nan na yi. Aiki ya yi mana yawa, injin ba ya kaiwa. Ban san zai kai haka ba. Da na ga abin da ya faru, sai na ruɗe."

Inna ta ce, "Ruɗewa ce ta sa ka nemo keke, ka kwance noti huɗu, ka aiki maigadi kasuwa? Ruɗewa ce ta tara mutane ta nuna musu gidan bawan Allah?"

'Yan uwan direba suka yunƙuro. Direban da kansa ya miƙa hannu ya tare su. Ya juya ya nufi Sifana da ke saukowa daga bene, ya tsaya a gabansa, ya kasa haɗa ido da shi.

"Ni na fasa maka taga."

"Na sani. Ina kallonka."

"Ka yafe mini."

"Ka kawo gilashi ka saka da hannunka, a gaban mutanen da suka ga ka fasa. Sannan mu yi maganar yafiya."

Direba ya gyaɗa kai.

Inna ta ce, "Sifana, ka dawo aikinka. Ka gyara mana injin nan."

"Zan gyara, Inna, don ke da matan nan. Amma ba yau ba, ba gobe ba. Sai na sauke duk bututun, na duba kowace walda a benen nan ɗaya bayan ɗaya. Mako biyu. Kafin nan ba mai tsayawa a ƙarƙashinsa."

Manaja ya ce, "Mako biyu? Otal-otal za su tafi wani wuri! Inna, gidan zai mutu!"

Yaya Kaifi ta kwance rigar aikinta, ta ninke ta tsaf, ta ajiye a kan tebur. "To shiga ƙarƙashin ka yi ninkin da kanka." Sauran matan suka kwance nasu ɗaya bayan ɗaya, suka ɗora a kai.

Inna ta dogara sanda ta miƙe. Ta miƙa wa ɗanta tafin hannu, ta bar shi a buɗe har sai da ya ciro makullan gidan daga aljihu ya saka a ciki. Ta ba Yaya Kaifi.

"'Yan sanda sun ce za su zo ɗaukar mutum gobe. Za su samu mutum. Amma yanzu asibiti za ka. Ka tsaya a gaban gadonta ka faɗa mata da bakinka abin da ka yi, kada ka rage komai."

"Inna, ni ɗanki ne."

"Shi ya sa zan zauna a wurin in ji."

Manaja ya laluba aljihu yana neman makullin motarsa. Direba ya riga shi zuwa ƙofa, ya buɗe bayan motar kai kaya, inda aka kwantar da matarsa jiya. Zanin da aka shimfiɗa mata yana nan ba a ɗauke ba.

Ya ce, "Bar taka. A wannan za ka je. Ni zan tuƙa."